Matan Fataken Ashur Tsakanin Shaidar Allo da Shaidar Kufai

Wanda duk ya ɗaura niyyar sanin yadda mata suka rayu a zamanin da ya shuɗe da shekaru dubu huɗu, alhali babu sauran mai rai da zai tambaya, kuma marubutan sarakunan wancan zamani yaƙe-yaƙe da gine-ginen iyayengijinsu ne suka ɗauke musu hankali, to shaidu biyu ne kawai za su amsa kiransa: abin da aka rubuta ya tsira, da abin da ƙasa ta binne ta adana. An saba ɗauka cewa shaidun nan biyu cika juna suke yi, watau inda nassi ya yi shiru sai kufai ya yi magana, har a tara bayanansu a sami mace guda cikakkiya, da muryarta da murhunta. Abin da nake son tabbatarwa a wannan maƙala shi ne, sau da yawa kowane shaida labarin wata mace dabam yake bayarwa, kuma mai binciken da ya yi gaggawar ɗinke maganganunsu wuri guda yakan wayi gari ya ƙaga macen da ba a taɓa haifa ba. Babu kuwa inda wannan mas'ala ta fito fili kamar a tarihin fataken birnin Ashur da matansu.

Ashur birni ne a gaɓar kogin Dijla, a arewacin ƙasar Iraƙi ta yau, wanda tun kafin ya zama cibiyar daular da ta razana duniya da mayaƙanta ya kasance garin 'yan kasuwa, majalisar dattawa ce ke yanke manyan hukunce-hukuncensa tare da sarki. A ƙarni na 20 da na 19 kafin Miladiyya fatakensa sukan ɗaura wa baƙaƙen jakuna kaya iri biyu, kuza da ake kawo musu daga gabas mai nisa da kuma tufafin ulu, su kama hanyar da ta kai kimanin kilomita 1,000, tafiyar mako shida ta cikin hamada da tsaunuka, har su sauka a Kanish, a tsakiyar Anatoliya, wurin da yanzu ake kira Kultepe, kusa da birnin Kaisari na Turkiyya. Mutanen Anatoliya suna da jan ƙarfe amma suna bukatar kuza don su haɗa tagulla, suna kuma da azurfa da zinariya da za su biya da su. Saboda haka kuza takan ninka kuɗinta a can, tufa kuwa takan kai ninki uku kafin a cire haraji da kuɗin hanya. Ribar da ke cikin wannan fatauci ita ta sa magidanta da 'ya'yansu maza suka riƙa zama a unguwar 'yan kasuwa da ke gindin tudun Kanish shekara da shekaru, suka bar iyalansu a Ashur, babu abin da ke sada su sai ayari da wasiƙa.

Wasiƙun nan a kan ƙananan allunan yumɓu ake rubuta su, da rubutun nan mai kama da kawunan ƙusoshi, a lulluɓe allon da wani ɓawon yumɓu, a rubuta sunan mai aikowa da na wanda aka aika wa, a mirgina hatimi a kai. Fatake sukan tara su a cikin tukwane da kwanduna da akwatunan katako a ɗakin ajiya, tare da takardun bashi da na shari'a. Da gobara ta cinye unguwar wajen shekara ta 1835 kafin Miladiyya, sai rufin gidaje ya rufta a kansu, wutar kuma ta gasa da yawa daga cikinsu. Wajen 1880 manoman yankin suka fara kai su kasuwar kayan tarihi, ba tare da sun faɗi inda suke tono su ba, har sai da Bedrich Hrozny, malamin nan ɗan ƙasar Cek da ya warware harshen Hitiyawa, ya gano filin a 1925. Tono na ƙa'ida ya fara a 1948 a hannun Tahsin Ozguc da matarsa Nimet, ya riƙe aikin har rasuwarsa a 2005, Fikri Kulakoglu ya gaje shi. Allunan da aka samu sun haura 22,000, akasarinsu suna gidan tarihi na Ankara.

A cikin wannan taska ne muke jin muryoyin mata, ba ta bakin wani mawaƙi ko alƙali ba, a'a, da sunayensu, suna magana a kan sha'aninsu. Cécile Michel, malamar nan ta Faransa da ta ƙarar da shekaru masu yawa a kan allunan, ta tara nassoshi sama da 300 da suka shafi mata a littafi guda a 2020. Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Lamassi, matar wani babban falke mai suna Pushu-ken. Aikinta, da na sauran matan gidanta, shi ne sayen ulu, da wanke shi, da tsefe shi, da kaɗi, da saƙa, kana ta damƙa tufafin a hannun masu ayari, mijin ya sayar a Anatoliya, ya aiko mata da azurfarta. Ba ƙananan ƙyallaye ba ne: wata wasiƙa da wani falke mai suna Puzur-Ashur ya aika wa wata masaƙiya mai suna Wakkurtum ta ƙayyade tsawon tufa kamu tara, faɗinta kamu takwas, watau wajen mita huɗu da rabi a tsaye da mita huɗu a kwance, ta kuma yi bayani filla-filla a kan yawan ulun da za a sa, da sirantar zare, da fuskar da za a taje da yadda za a bar ta ba a aske ba. Mai karanta wannan wasiƙa zai gane cewa kasuwa tana da ido, kuma abin da masu saye suke so a Kanish yakan isa kunnen mai kaɗi a Ashur bayan mako shida.

Shi ma Pushu-ken yakan aiko da irin wannan gyara, kuma amsar da Lamassi ta mayar masa tana cikin abubuwan da suka fi taɓa zuciya a duk taskar. Ta tambaye shi dalilin da ya sa kullum yake rubuto mata cewa tufafinta ba su da kyau, ta nemi ta san wane ne mutumin da ke zaune a gidansa yana kushe su idan an kawo, sa'an nan ta tuna masa cewa tana iyakar ƙoƙarinta ne don kowane ayari ya jawo wa gidan aƙalla shekel goma na azurfa, shekel guda kuwa ya ɗan ɗara giram takwas. A wasu wasiƙun ta ba da uzurin jinkiri da cewa yarinyarsu ta girma, dole ta yi mata sutura, ta kuma tufatar da yara da barorin gida. Ta koka da tsadar ulu a birni. Ta gaya masa maƙwabcinsu Shalim-ahum ya yi gini har sau biyu tun tafiyarsa, su kuwa yaushe. Ta roƙe shi ya dawo ya miƙa 'yarsu ga hidimar abin bautarsu da hannunsa. Wannan 'yar ita ce Ahaha, wadda daga baya, bayan rasuwar iyayen, muke ganin wasiƙunta a kan rabon gado tsakaninta da 'yan'uwanta maza, tana magana da ƙarfin wadda ta san tana da kaso.

Tambayar da ta dace a nan ita ce nawa wannan aiki yake kawowa, domin da amsarta ne za a san ko saƙar matan ƙarin miya ce ko kuwa ginshiƙin gida. Nassi bai faɗi kwana nawa tufa take ci ba, sai aka koma ga gwaji: masana a cibiyar binciken saƙa ta Jami'ar Kopenhagen suka riƙa kaɗi da mazari irin na da, suna auna tsawon zaren da hannu ke fitarwa a sa'a guda. Da wannan ma'auni Michel ta ƙiyasta cewa mace guda, idan aka lissafa wanki da tsifa da kaɗi da saƙa, ba za ta wuce tufa biyu zuwa uku a shekara ba, kuma kaɗin ne ke lashe mafi yawan lokacin. Gida mai mata goma zai fitar da wajen 25, a sa kaɗan a jiki, a aika da saura, azurfar da za ta dawo kuwa ta kusa kuɗin ƙaramin gida a Ashur. Ƙiyasi ne, ba nassi ba, kuma haka ya kamata a riƙe shi. Amma ƙiyasi ne da aka gina a kan aikin hannu da aka gani da ido, kuma ya isa ya nuna cewa dukiyar da ke shiga ta hannun matan ba abar rainawa ba ce. An kuma tabbatar daga allunan cewa wannan azurfa tasu ce, dabam da jarin miji, suna ba da rance da ita, suna sayen bayi, wasunsu suna da hatimin kansu.

Taram-Kubi, matar Innaya, murya ce mai zafi fiye da ta Lamassi. Da mijinta ya rubuto yana maganar mundaye da zobban da wai ya bari a gida, sai ta mayar masa cewa ko shekel guda bai bar mata ba ranar da ya tafi, ya kwashe gidan tas, ga yunwa ta auka wa birni, kullum sai ta sayi sha'ir don a ci. Amma ita ce kuma, a wata wasiƙar, take roƙonsa ya taso da zarar ya ji saƙonta, domin ta ga fuskarsa tun tana da rai, tana gaya masa curin ƙullun giyar da ta tanadar masa har ya tsufa. Ita da wata mace mai suna Shimat-Ashur suka rubuta wa ɗan'uwanta Imdi-ilum cewa sun tuntuɓi mata masu fassara mafarki da masu duba, kuma amsar da suka samu gargaɗi ce gare shi, cewa son kuɗi ya sa ya ƙi ransa, ya dawo gida.

To, a nan ne ya wajaba mai nazari ya dakata ya yi wa riwayar irin tambayoyin da malaman hadisi suka koya mana mu yi wa kowane labari: daga wa ya fito, ta wace hanya ya iso, kuma me ya sa wannan ya iso wancan bai iso ba. Wasiƙun matan Ashur a Kanish aka same su, a ɗakunan ajiyar mazajensu, ba a gidajen da suka zauna ba. Ma'anar wannan ita ce, ba ma jin macen Ashur sai a lokacin da take nesa da mijinta, kuma sai a kan abin da ya kai a ɗora wa ayari: azurfar da ba ta iso ba, bashin da ake bi, ginin da ya tsage, yaron da ya kangare. Matar da mijinta ke gida ba ta da dalilin rubuta masa kome. Shekarar da aka yi cikin wadata da lumana ba ta bar allo ba. Wanda ya karanta wasiƙun ya yanke cewa auren mutanen Ashur gaba ɗaya ƙorafi ne da kewa, ya ɗauki halin da ya haifi wasiƙa ya mai da shi halin rayuwa duka. Haka kuma mafi yawan abin da mazan suka aika Ashur, wanda matan suke mayar wa martani, can ya tafi, sai 'yan kwafe-kwafen da wasu suka ajiye. Muna jin amsa, tambayar kuwa sai mu tsinkayo ta daga inuwarta. Akwai kuma batun hannun da ya riƙe alƙalamin kara. Rubutun fataken Ashur mai sauƙi ne, alamominsa da ake amfani da su kullum ba su kai 200 ba, kuma an tabbatar da yawa daga cikin fataken da kansu suke rubutu. Michel ta kawo dalilai masu ƙarfi cewa wasu matan ma haka. Duk da haka ba kowace wasiƙa ce za a rantse cewa mai maganar ita ce mai rubutun ba, kuma abin da mace za ta faɗa a gaban ɗanta ko magatakarda ba lalle ne ya zama duk abin da ke ranta ba.

Ban kawo waɗannan shubuhohi don in rage darajar allunan ba, domin kuwa su ne suka warkar da wani kuskure da ya daɗe. A tonon da Walter Andrae ya yi a Ashur daga 1903 zuwa 1914 an sami allunan dokoki na zamanin tsakiya na Assuriyawa, waɗanda aka tsara tsakanin ƙarni na 14 da na 11 kafin Miladiyya, kuma allo mafi cika a cikinsu kusan dukansa a kan mata yake, da hukunce-hukunce masu tsanani ƙwarai: an halatta wa miji ya doki matarsa ya tuge mata gashi, kuma idan ya sake ta, in ya ga dama ya ba ta wani abu, in bai ga dama ba ta fita hannu rabbana. Shekaru da yawa wannan allo shi ne madubin da ake kallon macen Assuriya a ciki, kamar dai birni guda ba ya sauya hali cikin shekaru 500 ko fiye. Sai ga takardun aure daga Kanish suna faɗin wani abu dabam. A yarjejeniyar auren wani mai suna Lakipum da Hatala 'yar Enishru, an rubuta cewa idan shi ya sake ta zai biya mina biyar na azurfa, kimanin kilo biyu da rabi, idan kuma ita ce ta rabu da shi za ta biya daidai wannan adadi. Aka kuma sharɗanta cewa in shekara biyu ta wuce ba haihuwa, ita da kanta za ta sayo baiwar da za ta haifa masa. Wata 'yar Imdi-ilum, bayan mutuwar mijinta na fari, ta auri mutumin Anatoliya, uban yana ta ƙorafin azurfar da auren biyu suka ci masa, amma auren ya ɗauru. Darasin usuli a nan a fili yake: dokar da aka rubuta tana nuna abin da mai doka yake so ko yake tsoro, takardar ciniki da ta aure kuwa suna nuna abin da mutane suka yi, kuma ba a ƙiyasta wani ƙarni a kan wani don kawai sunan garin ɗaya ne.

Sai dai gyaran kuskure yakan haifi kishiyarsa. A rubuce-rubucen da ake yi wa jama'a yanzu an fara kiran su Lamassi matan kasuwa na farko a duniya, ana siffanta su kamar masu kamfanin kansu waɗanda babu abin da ya shamakance su. Wannan ma wuce gona da iri ne. Majalisar birni ta maza ce, ofishin 'yan kasuwa na Kanish na maza ne, ayari maza ke ja, kuma tufar da mace ta saƙa ba ta zama azurfa sai ta bi ta hannun miji ko ɗan'uwa, wanda yakan jinkirta biya har sai ta yi ta aike. Haƙƙinta na mallaka tabbatacce ne, amma hanyarta zuwa kasuwa a hannun wani take; duk bayanin da ya ambaci ɗaya ya bar ɗayan bai yi wa matan adalci ba, domin ya ɓoye ainihin abin da suke kokawa da shi.

Yanzu mu juya ga shaida na biyu. Gidajen da su Ozguc suka tone a unguwar 'yan kasuwa suna da harsashin dutse, da bangon tubalin laka da katako, da yawa masu bene, a ciki akwai murhu da tanderu da dutsen niƙa da manyan randunan ajiyar hatsi, da butoci jajaye masu sheƙi masu dogon baki kamar na tsuntsu, a ƙarƙashin daɓen ɗaki kuma kaburburan mutanen gidan. Abin da ya ba masu tonon mamaki, har Ozguc ya sha nanata shi, shi ne in ba don alluna da hatimai ba, da babu yadda za a gane cewa baƙi daga Ashur sun taɓa zama a nan, domin gidan falke Ba'assure da na maƙwabcinsa ɗan ƙasa ba su da bambanci a gini ko a tukwane. Dalilai sun taru a kan haka: jaki ba zai ɗauko randa daga Dijla ba alhali kuza ta fi ta riba, magina kuma 'yan ƙasa ne. Amma akwai dalili na uku da alluna suka bayyana, wanda shi ne ya shafi bahasinmu, watau da yawa daga cikin fataken sun auri matan Anatoliya. Al'adarsu ta yarda mutum ya yi mace ta biyu, da sharaɗin kada su biyun su zauna a ƙasa guda kuma kada su yi matsayi guda. Ɗaya a Ashur, ɗaya a Anatoliya. Bahaushe ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba, domin fatakenmu da suka riƙa bin hanyar Gwanja don goro sun san zaman zango mai tsawo da auren da yakan biyo bayansa, ko da yake sharuɗɗan ba ɗaya ba ne.

Ashe ke nan murhun da aka tone a Kanish ba na Lamassi ba ne, ba kuma na Taram-Kubi ba. Waɗannan ƙila ba su taɓa ganin Kanish da idonsu ba. Murhun na wata mace ce, 'yar ƙasa, mai wani harshe da wasu abubuwan bauta da wata al'adar aure, wadda ta yi girki da irin tukwanen da ta gada, ta kuma rayu a ɗakin da ke maƙwabtaka da wasiƙun kishiyarta. Wannan shi ne abin da nake nufi da cewa shaidun biyu ba mace guda suke siffantawa ba: matan Ashur sun bar mana murya ba gida, matan Kanish sun bar mana gida da 'yar murya kaɗan. Littafin da ya ɗauki kalaman Lamassi ya ɗora a kan hoton madafar Kultepe, ya ce ga rayuwar matar falke, ya haɗa mata biyu da kilomita 1,000 ke tsakaninsu. Abin da muka sani game da matan Anatoliya ta hanyar rubutu ya zo ne da harshen baƙi, domin mutanen ƙasar ba su da rubutun kansu a lokacin, na Assuriyawa suka ara. Duk da haka ya isa ya nuna al'ada dabam, inda miji da mata sukan ci bashi tare da sunayensu biyu, su mallaki dukiya tare, su raba ta daidai in aure ya mutu, inda kuma ake ambaton sarauniya tare da sarki a sha'anin mulki. Idan falke ya tsufa ya yi niyyar komawa Ashur, akan rubuta takardar rabuwa, matar ta riƙe gida da kuɗin saki, a daidaita kan 'ya'ya.

Ko a cikin gidan da aka tone ma, kayan ba su zo da sunan mai su a jiki ba, kuma nan ne son zuciyar mai bincike ya fi samun ƙofa. An daɗe ana bin wata ƙa'ida da ba a rubuta ba, cewa kabari mai makami na namiji ne, mai gululun mazari ko tsakiya na mace. Sai a ƙidaya kaburburan da aka raba ta wannan hanya, a ce ga hujja cewa maza ke yaƙi mata ke kaɗi, alhali hujjar ita ce da'awar da aka fara da ita. Wani kabari a Birka ta ƙasar Suwidin, da aka tone a 1878 aka same shi cike da makamai da dawakai biyu, ya shekara fiye da 100 ana kafa misali da shi a matsayin kabarin jarumi namiji, sai a 2017 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna ƙasusuwan na mace ne. A Kultepe an sami gululai da kuma duwatsun laka da ake ratayawa a zaren tsaye na masaƙar da ke jingine da bango, shaida cewa ana kaɗi da saƙa a gidajen. Amma cewa mata ne ke yi, wannan mun ɗauko shi ne daga abin da alluna suka faɗa game da Ashur da kuma abin da aka sani a wasu wurare, zato ne mai rinjaye, ba yaƙini ba. A Ashur kuwa, inda nassi ya tabbatar da masaƙan mata ne, masaƙar Mesofotamiya ta ƙasa ce, turaku da sanduna, waɗanda ba sa barin kome bayan sun ruɓe, ulun kansa ma ya zama ƙasa, sai dai sawun zarensa a bayan yumɓun da aka liƙe ƙunshi da shi.

Wani allo guda ya haɗa ɓangarorin biyu ta hanyar da ta cancanci a tsaya a kanta. Wasiƙa ce da ke sanar da cewa hukumar birnin Ashur ta ɗauki mataki a kan fataken da ke cinikin wasu nau'o'in tufafin da ake saƙawa a Anatoliya, ta ci da yawansu tara mai nauyi. Klaas Veenhof, wanda ya yi bahasi mai zurfi a kan cinikin tufafin tun 1972, ya fahimci wannan a matsayin kariya ga kayan da ke fitowa daga Ashur. Kuma idan haka ne, to majalisar da babu mace ko ɗaya a cikinta ta san sarai cewa arzikin gidajen birnin ya rataya a kan mazaran matansa, har ta ga ya wajaba ta tsare musu kasuwa daga tufafi masu araha da ake saƙawa a ƙasar da mazajensu ke zaune.

Akwai kuma wasu matan da shaidun biyu duka suka yi wa rowa. Gida mai mata goma da aka yi lissafi da shi ba matan aure goma ba ne. A cikinsu akwai 'ya'ya da surukai da tsofaffi, akwai kuma bayi, kuma babu shakka kaso mai yawa na zaren da ya zama azurfar uwargida daga yatsun kuyangi ya fito. Su waɗannan sukan bayyana a allo ne ranar da aka saye su, ko aka jinginar da su a kan bashi, ko aka lissafa su cikin gado, ko uwargida ta yi ƙarar halinsu. Baiwar da Hatala za ta sayo don ta haihu, takardar ta ba da damar a sayar da ita bayan ta haihu. Tarihin mata da ya tsaya a kan wadda ke da hatimi ya maimaita, a tsakanin mata, irin zaɓen da tsohon tarihi ya yi a tsakanin maza lokacin da bai ga kowa ba sai sarki.

Abin da zai iya sauya wannan hoto yana ƙarƙashin ƙasa a Ashur. Andrae ya mai da hankalinsa ga haikalai da fadoji da ganuwa, unguwannin da fataken wancan zamani suka zauna kuwa suna can ƙasa da gine-ginen ƙarnukan da suka biyo baya, ba a kai gare su ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, ciki har da wani kabari mai kayan zinariya. A can ne ake sa ran samun gidajen su Lamassi, da girman ɗakunan da aka yi saƙar a cikinsu, da wasiƙun da mazajen suka aiko. Malaman usuli kuwa sun riga sun faɗa cewa rashin samun abu ba dalili ba ne na rashinsa. Wurin yana cikin haɗari: a 2003 hukumar UNESCO ta sa Ashur cikin wuraren tarihi na duniya, ta kuma sa shi cikin waɗanda ake jin tsoron salwantarsu a lokaci guda, saboda madatsar ruwa ta Makhul da aka shirya ginawa a kan Dijla, wadda aka dakatar sa'an nan aka sake tayar da maganarta daga baya. Masu tono daga Jamus da Iraƙi sun koma aiki a birnin a 2023, kuma ina ganin babu abin da ya fi cancanta a sa a gaba, idan dama ta samu, kamar a nutsa a kai ga unguwa guda ta talakawa da 'yan kasuwa ta ƙarni na 19 kafin Miladiyya, a tone ta ɗaki bayan ɗaki, a rubuta inda aka tsinci kowane gululu da kowane allo, a kuma auna ƙasusuwan kaburburanta kafin a ce wannan namiji ne wannan mace.